Ina Za Ka da Jirgi, Haran?

Kolkata, 3 ga Nuwamba, 1996

Ƙanwata Anima,

Bayan gaisuwa mai yawa, ki taɓa min ƙafafun mahaifiyarki, gwaggona Pishi Kusum, ki ce mata yaron nan mai yawan ci da ta taɓa ciyarwa yana gaishe ta. Yaya gwiwoyinta? Yaya maigidanki da yara, da 'yan makarantar da kike koyarwa? Ni lafiyata ƙalau, in ban da sukari da likita ya ce ya hau. Na ce masa mutumin da ya shekara goma yana kwana a kan akwatin kayan wasa ba zaƙi ne zai kashe shi ba.

Na san za ki ce shekara shida ba wasiƙa, yau me ya faru. Albishir ne. Ƙungiyata ta jatra, wasan kwaikwayon nan namu na fili mai waƙe-waƙe, za ta zo Shalikpota ranar bikin girbi, tsakiyar Janairu. Ni da na bar garin nan da riga ɗaya da takardar aji takwas, zan dawo da babbar mota biyu da mutum hamsin da ke ci a ƙarƙashina. Ban gaji kowa ba, ban roƙi kowa ba.

Wasan ma na garinmu ne. Na rubuta shi a kan shekarar 1948, lokacin da manomanmu suka ce kashi biyu cikin uku na shinkafa nasu ne, ɗaya na mai gona, suka ƙi kai girbi rumbunsa, har aka turo 'yan sanda ta kogi aka harbe mutum uku. Masu digiri sun rubuta littattafai a kan irin wannan, gara tana ci. Ni kuwa mutum dubu uku ke zama a ƙasa su kewaye dandalina ta ko'ina, ba mai tari.

Kin san sirrin? Tarihi gawa ne, sai ka hura masa numfashi. Ka bar 'yan kallo su san abin da jarumi bai sani ba. Jarumina Nakul yana tsakiyar dandali yana rantsar da manoma, maci amana kuma yana tahowa a hankali ta doguwar hanyar nan da 'yan wasa ke bi ta cikin jama'a. Sai ki ji mata na ihu, "Ga shi nan bayanka!" Ɗan wasana Tarapada ne ke fitowa a maci amanar. A gari goma sha tara da muka yi, babu inda ba a jefe shi da takalmi ba. Ina tara su a buhu. A sana'armu wannan ya fi lambar zinariya.

Za ki ji wasu sunaye da kika sani. Kada ki sa a ranki, wasa ne.

Yayanki,
Bhairab Naskar

Shalikpota, 2 ga Disamba

Bhairab-da,

Ina taɓa ƙafafunka. Muna lafiya. Gwiwoyin Ma suna nan yadda suke. Ka kiyaye maganar likita.

Wasiƙarka ta yi kusan wata guda a ƙarƙashin filona, don duk amsar da na fara sai in ga ba ta dace a aika wa babba ba. Wasanka ya riga wasiƙarka isowa. Kun yi shi a kasuwar Gabtala, rabin garinmu sun haye sun gani. Sun dawo suna cewa maci amanar mai fito ne, yana ɗingishi, sunansa Haran. Bhairab-da, mai fito guda nawa aka yi a Shalikpota mai ɗingishi mai suna Haran? Kakana ne. Mahaifin matar da ka ce in taɓa maka ƙafafunta.

Akwai waƙar da ka sa a bakin Bibek, mai baƙar rigar nan da ke shigowa ya yi wa mutum maganar da zuciyarsa ke gudu. "Ina za ka da jirgi, Haran?" Waƙar ta yi daɗi, na ba ka wannan. Har a ajina ana rera ta. Ranar Talata Ma ta je mashaya wanke tukwane, matar jikan ɗaya daga cikin ukun da aka harbe ta ce mata, "Kusum-di, matsa can mana, kada ki kai mu inda babanki ya kai su." Sauran suka yi dariya. Ma ta kwashe tukwanenta ba ta ƙarasa ba. Tun ranar ni nake ɗebo mata ruwa, ba ta sake fita ba.

Da can tsofaffi biyu ko uku ne ke raɗa wannan magana, su ma sun mutu, ta mutu tare da su. Kai ka tono ta, ka yi mata kiɗa.

Anima

Kolkata, 9 ga Disamba

Anima,

Na samu takardarki. Ina fatan kowa lafiya. Ni ƙafata ta ɗan kumbura, ba komai ba ne.

Kin yi min magana kamar ɗan ajinki, to bari ni ma in koya miki abin da ba a koyarwa a makarantar horon malamai. Mai gona yana zaune a birni, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. 'Yan sanda baƙi ne, bindiga kuma ba ta da fuska. Ba za ki tara mutum dubu uku ki ce su ji haushin wanda ba su sani ba. Dole cuta ta fito daga cikin gida, daga wanda jarumi ya ci shinkafa kwano ɗaya da shi. In babu wannan babu fargaba, in babu fargaba mutane za su tashi su tafi sayen gyaɗa. Ba ni na ƙirƙiro wannan doka ba, haka na tarar da ita.

Sannan ki gaya min, ƙarya ce jirgin Haran ne ya kawo 'yan sandan? Gari duka ya gani. Abin da ya faru a cikin jirgin kuwa wa ya sani? Ba a rubuta a ko'ina ba. Inda tarihi ya yi shiru, nan marubuci ke da izinin magana.

Na nuna wa Tarapada wasiƙarki. Ya ce, "Maigida, ni ake jifa, wata ke kuka? Ka ce mata ta zo ta ga ƙeyata." Na ce masa ya rufe min baki. Ban san me ya sa na yi masa tsawa ba, gaskiya dariya ya so ya ba ni.

Matan mashaya kuma, in ba wannan ba za su samu wani. Nan da wata biyu sun manta. Ki ce wa Pishi ta yi haƙuri, na sa a kawo mata mayafin ulu mai kyau daga Kashmir, irin wanda matar mai gona ma ba ta taɓa yafawa ba.

Ba zan iya canza wasa a tsakiyar kaka ba. Mutum hamsin ne a wuyana.

Yayanki,
Bhairab

Shalikpota, 20 ga Disamba

Bhairab-da,

Gaisuwa. Ka sa ƙafar a ruwan ɗumi da gishiri. Mayafi ya iso, yana cikin takardarsa.

Na karanta wa Ma wasiƙarka duka, ban tsallake komai ba. Da na zo inda ka ce wa ya san abin da ya faru a cikin jirgin, sai ta ce in ɗauko alƙalami. Ga maganarta, yadda ta faɗa:

"Ki ce masa ni na sani, don ina da shekara goma sha biyu, kuma ni na wanke bayan Baba. Da asuba 'yan sanda suka kama shi a mashigin Gabtala, su goma sha huɗu, suka sa masa bindiga a kunne suka ce Shalikpota. Ruwa ya fara janyewa, kamar yadda yake yi kullum a koginmu na kusa da teku. Baba ya san kogin nan kamar tafin hannunsa, ko da ido rufe ba zai hau tudun laka ba. Ya ɗauke su ta ƙaramin reshe, ya ce nan ne kusa, ya ɗora jirgin a kan tudun da ke gaban kurmin dabino, ya zauna daram. Kowa ya san in laka ta riƙe ka ruwa na janyewa, sai ya dawo, awa shida ke nan. Ɗaya daga cikinsu ya sauka ya nutse har ƙugu. Masu kamun ƙaguwa suka hango hulunansu suka kawo labari. A awa shidan nan aka kwashe shinkafa da mata da yara zuwa tsallake. Ukun da aka harbe su ne suka ƙi tafiya. 'Yan sandan sun gane da gangan ya yi, suka yi ta dukansa da gindin bindiga tun daga tudun har gari. Bai ga girbi na gaba ba. Ya hana mu faɗa, don in mai gona ya ji zai kore mu daga filin da bukkarmu take. Da aka daina tsoro kuma, ba wanda ya tambaya."

Sannan ta ƙara da cewa, "Na taɓa ba Bhairab labarin nan. Amma yaro ne lokacin, wataƙila ya manta."

Ta kuma ce ka ajiye mata wuri a gaba ranar biki, dab da hanyar da 'yan wasa ke shigowa. Ta ce tana so ta gani da idonta.

Anima

Kolkata, 27 ga Disamba

Anima,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Ina fatan kuna lafiya. Ni ba na cin abinci sosai.

Ban manta ba. Ki karanta mata wannan layin sau biyu.

Ina da shekara tara babana ya mutu, dangi na kusa kowa ya ce gidansa ya cika. Pishi ce ta karɓe ni, alhali kakanta da kakan babana ne kawai suka haɗa uba. Shekara guda na yi a gidanku. Tana cire min ƙaya daga kifi ta ba ni labarin nan, ta nuna min gorar tuƙin Haran a saƙale a rufin ɗaki. In ban yi kuskure ba har yau tana nan.

Da na zauna rubuta wasan, gaskiyar na fara rubutawa. Na karanta wa Tarapada da dillalin da ke samo mana garuruwa. Dillalin ya yi hamma ya ce, "Bhairab-babu, mutum zaune a jirgi awa shida? Ai gara mu kai su tashar jirgin ƙasa su kalli masu jira, kyauta ne." Suka yi dariya. Ni kuma duk duniya ba abin da na tsana kamar a yi min dariya a kan aikina, don kullum ina jin kamar takardar aji takwas ɗin ake yi wa. Na koma gida, cikin kwana huɗu na mai da shi maci amana. Ya zo min da sauƙi, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan yanzu.

Za ki tambaya me ya sa ban ko canza sunan ba. Na gwada sunaye uku, babu wanda ya zauna a waƙar kamar nasa. Dalilin ke nan, babu wani. Na sayar da mahaifin matar da ta ciyar da ni don waƙa ta zauna. Kuma tun da wasiƙarki ta farko ta zo mun yi wasan a wasu garuruwan, ban tsayar ba. Jiya ya zama gari arba'in da ɗaya. Na tsaya a bayan mawaƙa ina kallon takalma na sauka a kan Tarapada, kowanne kamar a fuskata.

Na gane abin da Pishi ke nufi da wuri a gaba. Tana so ta miƙe a gaban garin duka ta nuna ni da yatsa. Ta isa, kuma na cancanta. Amma ina roƙonki, Anima, ki hana ta zuwa. Ba don ni kaɗai ba. Za a jefi babanta tana zaune, takalman ta kanta za su wuce. Zan aika wa masu shirya biki cewa motarmu ta lalace, ba za mu zo ba. Ban taɓa fasa wasa ba a shekara ashirin da biyu, ko ranar da matata ta haihu. Wannan zan fasa.

Bhairab

Shalikpota, 4 ga Janairu, 1997

Bhairab-da,

Muna lafiya. Ka ci abinci, yunwarka ba za ta wanke kowa ba.

Ka karanta maganar Ma da idon mai laifi. Da na gaya mata abin da ka zata, sai ta ce, "Ni in tsaya gaban mutane ina nuna yatsa? Da wace gwiwar?" Ba tona maka asiri za ta zo yi ba. Baba Haran bai taɓa ɗaukar hoto ba. Waɗanda suka je Gabtala sun ce ɗan wasanka yana tafiya sak irin tasa, da gora a kafaɗa. Shekara arba'in da takwas ba ta ga tafiyar nan ba. Ta ce ko zaginsa ake yi, tana so ta ga ya wuce ta gabanta sau ɗaya. Shi ya sa ta ce dab da hanya.

In ka fasa zuwa, waƙar na nan a bakin mutane, kai kuma kana Kolkata lafiya lau. Wannan ba gyara ba ne, gudu ne. Saura kwana goma. Kai ne ka ce min marubuci kake.

Anima

A hanyar Basirhat, 16 ga Janairu

Anima,

Ina rubuta wannan a kan gwiwata a cikin mota, ki yi haƙuri da rubutun. Ina fatan sanyin filin biki bai taɓa Pishi ba. Na ga ba ta yafa mayafin ba.

Kin ga wasan, amma ba ki ga kwana taran da suka gabace shi ba. Da na miƙa wa Tarapada sabon rubutu ya jefar da shi ƙasa. Ya ce, "Shekara ashirin ina gina fuskar mugu, uwata ma tsorona take ji, yanzu ka ce in zauna a jirgi kamar mai kamun kifi?" Na ce, "Za ka zauna, ɗan banza, kuma za su manta da numfashi." Ya ce, "In suka tashi sayen gyaɗa fa?" Na ce to ni zan sayar musu. A raina kuwa ban san ko zai yiwu ba.

Abin da na kasa gani bara, saboda dariyar dillali ta toshe min kunne, shi ne mutanenmu 'yan kogi ne. Ba sai an gaya musu me ake nufi da ruwa ya janye ba. Shi ya sa na kafa gora a gefen dandali na ɗaura mata farin ƙyalle, duk shigowar Bibek sai ya ɗaga ƙyallen taki ɗaya, ruwa na dawowa ke nan. A tsakiya Haran na zaune yana yi wa shugaban 'yan sanda wauta, "Ranka ya daɗe, kogin ne ya canza hali." A doguwar hanya kuma mata na wucewa da kwandunan shinkafa, ɗaya bayan ɗaya, ba sa ƙarewa, ƙyalle na hawa. 'Yan kallo sun san abin da mai bindiga bai sani ba. Dokar da na yi miki alfahari da ita ce, ashe tana aiki ba tare da an ci naman kowa ba. Kin ji tsohon nan da ya miƙe yana ihu, "Ku yi sauri, ruwa ya kusa!" Ko waƙar ban canza mata kalma ba. Da aka rera "Ina za ka da jirgi, Haran?" a daidai inda ya juya kan jirgin zuwa tudu, na ga mata na share ido da bakin zane.

Kin ga ni na sa baƙar rigar Bibek da kaina, abin da rabona da shi shekara goma sha biyar. Bisa al'ada Bibek da mutanen cikin wasa yake magana. Ni da jama'a na yi, tun kafin a fara. Na faɗi sunana da sunan ubana, na ce abin da aka gani a Gabtala ƙarya ce ni na ƙaga, na sani kuma na yi, kuma na ci shinkafar gidan mutumin shekara guda. Sai takalmi guda ya taso daga wajen mata ya same ni a kafaɗa. Shi kaɗai aka jefa a wasan duka, ba a jefi Tarapada ko sau ɗaya ba, har yanzu yana fushi. Na ɗauke shi, yana cikin jakata. Ban sa shi a buhu tare da sauran ba.

Na ga lokacin da Tarapada ya wuce ta gaban Pishi da gora a kafaɗa, ta miƙa hannu kamar za ta taɓa gefen zanensa, ta fasa. Daga nan ban ƙara iya duban wajen ba. Da aka tashi na ce wa direba gari na gaba na da nisa, mu kama hanya. Ƙarya ce, sai jibi muke da wasa. Na iya tsayawa gaban mutum dubu uku, na kasa tsayawa gaban mace ɗaya.

Ki gaya min abin da ta ce. Ko mene ne, kada ki rage.

Bhairab

Shalikpota, 23 ga Janairu

Bhairab-da,

Muna lafiya. Shekaranjiya Ma ta koma mashaya da tukwanenta. Matar nan da ta yi mata gori ta matsa mata wuri.

Ka ce kada in rage. Daren wasan, a ƙofar gida ta yi min maganar. Ta ce, "Ƙafar hagu ce. Yaron nan da dama yake ɗingishi. Ki gaya wa Bhairab ya gyara kafin ya koma garuruwan nan arba'in da ɗaya."

Ban ce mata ka yi alkawarin komawa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta ɗauka ka sani.

Takalmin nawa ne. Kada ka aiko shi ta gidan waya. Ka kawo da kanka, Ma ta ce za ta dafa kifi.

Ƙanwarka,
Anima